Layin da Na Ƙi Kwafa

Ina da shekara arba'in da shida na koma jami'a neman digiri na biyu a lissafi. Duk wanda ya ce maka tsufa ne ya kawo mini taurin kan da na yi a can, bai san ni ba. Inna, Allah ya ji ƙanta, ta ce ko ranar haihuwata sai da ungozoma ta kawo hujja kafin na yarda na fito.

Shekara ashirin ina koyar da lissafi a wata sakandare a ƙasar Malumfashi. Allin da na shaƙa a shekarun nan, da za a tara shi, zai shafe garinmu fari fat har da rumbuna. Doka ɗaya gare ni a aji: amsa ba hanya, sifili. Ko amsar daidai ce. Ko ɗan wane ne. Nuna mini ta inda ka bi, layi bayan layi, in ba haka ba ina zan san ko kai ka haifi amsar ko a bakin hanya ka tsince ta?

Duk Alhamis nakan hau bas daga Malumfashi, in sauya wata a Funtua, in isa jami'a ƙafafuna sun manta da ni. Yayana, wanda ke noma gonar gidanmu a wajen Gozaki yake kuma sayen hatsi kasuwa-kasuwa, bai taɓa gane dalilin wannan wahala ba. Wata rana muna gona ya jingina da fartanya ya dube ni.

"Wai Malam, me ka ce kana karantawa ne a can?"

"Wurin zama, Yaya."

"Wurin zama? Ga tabarma nan."

Na ce ya saurara. A sama akwai manya biyu, kamar rana da duniya, ko taurari biyu, suna zagaya juna, kowa na jan ɗan'uwansa. Sai ka kawo ƙaramin abu na uku, dutse ko ƙwayar gero, wanda su suna jansa, shi kuwa jansa bai isa ya motsa su ba. Tambayar ita ce, akwai inda za ka ajiye shi ya riƙa zagayawa tare da su, bai matso ba bai nisanta ba? Akwai, wuri biyar. Masana sun gano su tun kakan kakanmu bai yi wayo ba. Uku suna kan layin da ya ratsa manyan biyu. Biyu kuma suna gefe, ɗaya ta nan ɗaya ta can, kamar dutse na uku a murhu.

Amma samun wuri daban, zama daban. Abin da muke bincike shi ne, in aka ɗan zungure shi, zai yi lilo ya tsaya a wurinsa, ko tafiya ta kama ke nan? Ukun nan na kan layi kamar ƙwai ne a kan sanƙo, ko tari ka yi ya tafi. Biyun gefe su ne abin mamaki. Na tuna masa mazarin Inna, yadda take murza shi ya tsaya a kan tsininsa ƙyam yana cin auduga. Ba abin da ya riƙe shi sai juyi. To haka wuraren nan biyu suke, juyin da manyan ke yi shi ke tsare ƙaramin. Da sharaɗi ɗaya: sai ɗaya daga cikin manyan ya ninka ɗayan nauyi wajen sau ashirin da biyar. In suka fi haka kusa da juna, girgiza ƙaramin za su yi ta yi har ya bar musu wurin.

Yaya ya yi tsaki. "Wannan ne kake cin kuɗin mota a kansa? Gonar talaka ce tsakanin gonakin alhazai biyu. In ɗaya ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ka kwana lafiya. In kai ɗaya suke, duk damina iyakarka sai ta yi tafiya. Da ka tambaye ni, da na ba ka digirin a nan."

Wallahi har yau ban ji bayanin da ya fi nasa ba.

A sashenmu akwai wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba. Ɗalibai suna ce mata gado. Wani ɗan filashi ne na ajiye bayanan kwamfuta, an ɗaura masa jan zare, mai fita ya miƙa wa mai shiga. A cikinsa akwai babi na biyu da na uku a shirye, duk lissafin tushe an gama shi. Kai dai ka ƙara abu ɗaya naka a babi na huɗu. Wannan ya ce tauraron yana da haske mai ture ƙaramin abu, wancan ya ce akwai ƙura a kewaye. Miya ɗaya ce, kowa ya zo ya jefa daddawarsa ya ce girkinsa ne. Ka zuba wa kwamfuta, ta fito maka da jadawali, ka rubuta a ƙarshe cewa uku ba sa zama, biyu suna zama, ka je a yi maka hoto da hular nan mai jela.

Wadda ta miƙa mini gadon wata abokiyar karatuna ce, malamar kwaleji 'yar wajen Kafur, shugabar mawaƙan cocinsu. Madam muke ce mata. Bas ɗaya muke hawa, ita da jakar kwamfutarta, ni da tumbina, direba yana cajin mu kujera biyu muna cin uku.

"Malam, ga shi. Ka riƙe shi kamar ƙwai. Mutum shida ya fitar."

Aikin da aka ba ni taurari biyu ne, babban yana da tumbi. Ba wasa nake ba. Tauraron da ke juyi da sauri ƙugunsa kumbura yake, ya zama kamar kabewa, ko kamar ni bayan babbar salla. Lissafin tumbin yana cikin gado tuntuni, wani ɗalibi ne ya sa shi shekarun baya a kan waɗannan taurari biyun, ya nuna cewa wuraren gefe suna zama. Yanzu ya zama Dakta a sashen. Ni hasken tauraron kawai aka ce in ƙara.

Da na yi abin da aka sa ni, da wata uku ya ishe ni. Amma na buɗe babi na uku na ga amsa a kan amsa, kowane layi yana cewa "a bayyane yake cewa", hanya kuwa babu. Hannuna ya fara ƙaiƙayin jan biro. Na ce ni da nake ba 'ya'yan mutane sifili a kan wannan, ba zan ɗora gini a kan abin da ban taka da ƙafata ba.

Lokacin kaka ne, ana ɓarar masara. Na kwashi tsofaffin takardun jarrabawa na makaranta, waɗanda bayansu fari ne, na zauna ƙarƙashin ɗorawar gonarmu wai ina lura da 'yan ƙwadago. Na fara daga layin farko da hannu. Kwana tara ina yi. Yaya ya ce a kwanakin nan da ɓarawo ya zo da tirela ya kwashe masarar, ni zan taya shi ɗaure tamfol.

Rana ta tara, bayan azahar, na ci karo da kuskuren. A inda aka lissafa jan tauraron, tumbin yana nan. Shafi biyu gaba, a inda aka lissafa saurin zagayen taurarin, babu shi. Ya ɓace kamar akuya ranar kasuwa. Kuma abin ba ya yiwuwa. Tumbi yana ƙara ja. In ja ya ƙaru gudu bai ƙaru ba, ai manyan biyu rungumar juna za su yi, magana ta ƙare. Dole shi ma gudun a ƙara masa rabonsa. Ɗan guntun abu ne, bai kai tsawon ƙwayar wake a takarda ba.

Na mayar da shi wurinsa na ci gaba. Iyakar nan ta sau ashirin da biyar ta ɗan gusa, kamar faɗin kunya ɗaya. Ga yawancin taurari wannan ba komai ba ne. Amma nawa biyun a bakin iyakar suke zaune. Da layin gado suna ciki. Da layina sun faɗa waje. Wurin da Dakta ya ce ana zama, ba a zama.

Na sake yi. Na sake. Sau bakwai, har uwargida ta ce in ban kwashe takardun nan daga ɗaki ba za ta fara hura wuta da taurari. Duk ta inda na bi, nan nake fitowa.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. A makon ne aka liƙa sanarwa cewa wa'adinmu ya kusa cika. Ni an riga an ƙara mini lokaci sau ɗaya. In ban kare kundina na miƙa shi a ɗaure kafin ranar aiki ta ƙarshe ta zangon ba, za a soke sunana, shekara huɗu na hawa bas su bi ruwa. Mako biyar ya rage. Kuma Dakta yana cikin waɗanda za su zauna a kaina.

Yaya na fara gaya wa. Ya gama ɗinke bakin buhu kafin ya amsa.

"Malam, ba a gaya wa mai awo mudunsa ya lotse alhali hatsinka na hannunsa. Bari ya gama auna maka, ka ɗora a jaki, ka yi nisa, sannan ka waiwayo ka yi ihu."

"In na yi nisa wa zai ji ni?"

"Shi ne amfanin nisan."

Madam kuwa a bas na nuna mata, tsakanin Malumfashi da Funtua, takardar a kan gwiwata, kan wani ɗan rago a kan takardar. Ta bi layin da farce sau biyu. Ba ta da wasa a lissafi, nan take ta gani. Ta naɗe takardar ta tura mini a aljihu.

"Ban gani ba."

"Madam, kin gani."

"Na ce ban gani ba. Malam, babi na huɗu nawa a kan wannan layin yake. Wata takwas na yi a kansa. Don Allah don Annabinka ka bari mu fita tukuna. Taurarin nan sun kawo maka ƙara ne? Akwai ɗan'uwanka a can da zai faɗo?"

Gaskiyarta, babu. Ko a zauna a wurin ko kada a zauna, farashin taki ba zai sauka ba.

Na tafi wajen Farfesa, mai duba aikina, da takarduna a cikin buhun taki, don jakata ta yi musu kaɗan. Na durƙusa na gaishe shi, duk da a shekaru in ban girme shi da damina biyu ba to mun zo ɗaya. Mutumin kirki ne, ɗalibai ne suka fi ƙarfinsa. Kundaye a ofishinsa daga ƙasa har sama, ka rantse su ke riƙe da rufin.

"Malam, lafiya? Masara ka kawo mana?"

"Ranka ya daɗe, lissafi ne. A babi na uku akwai ɗan abin da ya faɗi a hanya."

"Babi na uku ba naka ba ne. Naka na huɗu."

"Haka ne. Sai dai na huɗun a kan na ukun yake zaune."

Ya cire tabarau. "Ka san mutum nawa suka bi ta layin nan? Masu jarrabawa na waje sun gani. An buga shi. Sai kai, daga ina ma ka ce ka yi aikin?"

"Ƙarƙashin ɗorawa, ranka ya daɗe. Amma ba ta sa hannu ba, ni kaɗai na yi."

Ya yi dariya har da buga tebur, amma buhun bai taɓa shi ba. Ya ce in kawo kundin yadda na baya suka kawo, in karɓi takardata, in na dawo digiri na uku sai mu zauna mu duba a tsanake. Digiri na uku! Ni da gwiwoyina ke yi mini sallama duk lokacin da zan tashi daga sujada.

Kada in yi wa kaina ƙarya, na gwada bin maganarsa. Na zauna a shagon buga takardu a Funtua, na ce wa mai shagon ya kwafo babi na uku yadda yake. Ya kwafo. Ya ce saura jimlar ƙarshe, me za a rubuta? Jimla ɗaya ce, "wuraren gefe suna zama." Na buɗe baki ta ƙi fita. Ni da ake roƙo in yi shiru a wurin ɗaurin aure. Na zauna ina kallon fankar shagon har mai shagon ya tambaya ko sukari ne ya faɗi mini.

Na ce, "Goge. Ga nawa, buga wannan."

Har da ƙari na yi, don hali zanen dutse. A gabatarwa na rubuta da Turanci mai maiƙo cewa ayyukan baya sun gina rumbunsu a kan suri. Na karanta jimlar sau goma ina jin daɗinta kamar tsire.

Da na kai wa Farfesa ya sa hannu, ban ɓoye ba. Na ce masa layina na bari. Waya biyu ce a kunnuwansa, wani kuma na jiransa a ƙofa. Ya ce, "To, to, to," ya rattaba hannu. Ban maimaita ba. Na faɗa sau ɗaya, Allah shaida.

Ranar kare kundi ɗakin ya cika. Malamai biyar a gaba, ɗalibai a baya, Madam a can lungu ta rungume jakarta kamar mai jiran sakamakon asibiti. Shugaban zaman wani dattijo ne da aka ce tun kafin a kawo kwamfuta sashen yake gyangyaɗi a kujerar nan. Ya ce minti goma sha biyar gare ni.

Ban kai ga gama sallama ba Dakta ya ɗaga kwafinsa. Shi kaɗai ya karanta, kuma na ga alamar har shafin rumbu ya kai, don takardar ta yamutse a wurin. Saurayi ne a kaina, mai tsabta, agogonsa kaɗai ya fi babur ɗina tsada.

"Malam, kafin ka ɓata mana lokaci. Kana nufin duk sashen nan ba wanda ya iya lissafi sai malamin sakandare?"

"Allah ya sawwaƙe, Dakta. Ina nufin duk sashen nan ba wanda ya sami kwana tara a ƙarƙashin bishiya sai ni."

Aka yi dariya a baya. Shi bai yi ba.

"Kwamfuta ta tabbatar da sakamakon nan sau shida."

"Ranka ya daɗe, kwamfuta kamar jaki take. Abin da ka ɗora mata shi take kaiwa kasuwa."

Sai na juya wajen shugaban zaman na ce ina roƙon a kashe majigi, a ba ni allo. Farfesa ya dafe kai. Dattijon ya buɗe ido ɗaya, ya dube ni, ya buɗe na biyun.

"Ba shi," in ji shi. "Na daɗe ban ga an yi ba."

Daga nan kuma ba ɗalibi ne a gabansu ba. Na naɗe hannun riga. Na rubuta layin farko, wanda ko ɗan aji ɗaya na jami'a ya sani, na juyo kamar yadda nake juyowa duk safiyar Allah.

"An yarda?"

Suka dubi juna. Ba a saba tambayar malamai haka ba.

"Ban ji ba. An yarda?"

Dattijon ya ce, "An yarda."

Layi na biyu. An yarda. Na uku. An yarda. A na biyar ɗaliban baya sun fara amsawa tare, kamar masu karɓar waƙa. A na takwas na ji muryar Farfesa a ciki, ƙasa-ƙasa. Minti goma sha biyar ta wuce ba wanda ya dubi agogo. Allo ya cika na goge da hannun riga, ya sake cika. Gumin da na yi ranar, da a gona ya zuba, da an yi shuka. Kowane layi sai na dubi Dakta musamman, sai ya gyaɗa kai kafin in wuce, don ba inda zai ce a'a. Ba dabara ba ce. Haka lissafi yake, in ka yarda da taku ɗaya ka sayi na gaba.

Muka iso layin gudu. Na rubuta shi da tumbinsa, na zagaye guntun da da'ira. A gefe na rubuta na gado, babu shi.

"An yarda?"

Kowa ya juya yana kallon Dakta. Har kukan fanka ana ji. Sai daga lungu wata murya ta fito, muryar da ta saba cika coci ba lasifika.

"An yarda."

Madam ce. Ta faɗa tana kallon ƙasa, kamar mai sa hannu a takardar sayar da gonarta.

Farfesa ya tashi. Ya karɓi abin rubutun daga hannuna, ya koma layi uku baya ya sake bi da kansa, bakinsa na motsi. Ya iso inda na iso. Ya aika aka ɗauko masa wani tsohon littafi daga ofishinsa, bangonsa ya rabu da shi tuntuni. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa, ya tsaya, ya daɗe a tsaye.

"A littafi yana nan," ya ce. "Wajen kwafowa ya faɗi."

Na ɗauka zan ji daɗi har in taka rawa. Na dubi Dakta sai na ga fuskar da nake gani ranar raba sakamako, ta yaron kirkin da ya yi karatu tsakani da Allah amma ya tsallake layi ɗaya. Ba sata ya yi ba. Ido ne ya zame masa rana ɗaya, mutum shida suka bi sawunsa ba wanda ya dubi ƙasa. Na sauke hannun rigata.

Aka fitar da mu suka yi shawara. Da aka dawo da ni dattijon ya karanto hukunci. Layina ya tsaya. Amma duk jadawalin kundin sai an sake fitar da shi da kwamfuta, ba na ƙarƙashin ɗorawa ba. Kuma duk maganar ayyukan baya a cire ta. Kwana tara ya rage wa'adi.

Na ce, "Ranku ya daɗe, rumbu da suri na janye. Baki ne, na kuma ba Dakta haƙuri a gaban kowa. Amma jimla ɗaya za ta zauna, mai cewa guntun nan ya ɓace a shafi kaza, layi kaza."

Dakta ya ce ba dole ba ne, tunda an gyara.

"An gyara a nawa. Filashin yana nan yana yawo. Wanda zai zo baɗi, wa zai gaya masa?"

Farfesa ya ce, "Malam, ka ci kasuwa. Kada ka ƙone rumfa."

"Ranka ya daɗe, sai dai a cire ni tare da ita."

Na faɗa ne kafin in yi tunani, kamar yawancin abin da nake faɗa. Na hango Yaya yana ba da labarina a kasuwar Dayi har ƙarshen rayuwarsa. Dattijon ya juya biro a hannu, ya dubi allo, ya dubi Farfesa. Farfesa ya ɗaga kafaɗa.

"Shafi da layi ba zagi ba ne," in ji dattijon. "A bar masa."

A waje Madam ta tare ni. Ta ce wata takwas ɗinta na kashe, za ta ba ni kwamfutarta ta kuma taya ni fitar da jadawalin, don ita ma sai ta sake nata, amma ba za ta yi mini magana ba. Ta kuwa cika alkawari. Kwana bakwai muna zaune a benci ɗaya a shagon nan na Funtua, in tana so in miƙo mata takarda sai ta gaya wa mai shago, shi ya gaya mini. Wuta ta ɗauke, janareto ya yi tari ya mutu, aka tashe shi, ya sake mutuwa. Mai ɗaure kundi ya ce gam ɗinsa sai ya kwana biyu kafin ya bushe, na ce ni zan zauna a kai, da nauyina awa ɗaya ta isa.

Ranar ƙarshe, Juma'a, na iso ofishin karɓar kundi saura minti goma a tashi, kwafi biyar a kaina kamar mai tallan burodi. Akawun ya riga ya sa hula ya rufe taga ɗaya.

"Baba, sai Litinin."

"Ɗana, Litinin ba ni da suna a makarantar nan. Dubi agogo."

Ya duba. Ya ƙirga kwafin, ya buɗe shafin sa hannu, ya bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na Dakta yana nan, ƙanƙane, a can ƙarshe. Ya ɗauko hatimi ya buga, bai fito ba, tawada ta bushe. Ya hura masa iskar baki, ya danna da hannu biyu. Ya fito dishi-dishi, amma ana karanta kwanan watan.

Ina saukowa daga bene muka yi kiciɓis da Dakta yana hawa. Ya kawar da kai wajen bango. Na tsaya a tsakiyar matakala, inda ba mai wuce ni sai da izinina, na gaishe shi da muryar da nake kiran taron safe. Na tambayi aiki, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ban tabbata yana da su ba. Sai da ya ce, "Lafiya lau, Malam," sannan na tsuke tumbi na ba shi hanya.